Mai Ciwon Suga, Ka Tsare Ƙodarka: Abin Yi da Abin Bari

Ƙoda ba ta kuka da wuri. Suga yakan yi shekaru yana cin ƙananan jijiyoyin da ke tace jini a cikinta, mai ita bai ji komai ba. Ranar da ƙafa ta kumbura har takalmi ya ƙi shiga, fitsari ya dinga kumfa, ɓarna ta riga ta yi nisa. Saboda haka ka kiyaye waɗannan.

ABIN DA ZA KA YI

1. Ka yi gwajin fitsari na neman furotin, da gwajin jini na ƙarfin tacewar ƙoda, aƙalla sau ɗaya a shekara, ko da kana jin garau.
2. Ka riƙa auna hawan jininka kana rubutawa. Ga yawancin masu wannan ciwo, ana so ya zauna ƙasa da 130/80.
3. Ka yi gwajin HbA1c duk wata uku zuwa shida. Shi ke tona yadda suganka ya kasance a watanni ukun baya.
4. In an ɗora ka a kan lisinopril ko losartan, ka sha kullum. Ka tambayi likita ko dapagliflozin ya dace da kai, domin yana rage saurin lalacewar ƙoda.
5. Gishirinka na yini guda kada ya kai giram 5, wato cokalin shayi ɗaya. Dunƙulen miya, yajin tsire da kanwa duk suna cikin lissafi.
6. In amai da gudawa suka kama ka, ka nemi likita a ranar. Akwai magungunan da ake dakatarwa har jiki ya dawo.

ABIN DA BA ZA KA YI BA

1. Kada ka sha ibuprofen ko diclofenac don ciwon baya ko gwiwa. Haɗin ƙwayoyin kemis da ake ƙullo maka a leda ba suna, ka bar shi a can.
2. Kada ka sha jiƙon saiwoyi na gora da ake tallarsa a tasha, wai yana wanke ƙoda. Ba ka san abin da ke ciki ba, ƙodarka ce za ta tace shi.
3. Kada ka haɗa lisinopril da losartan. Mai juna biyu kuwa ba ta shan ko ɗayansu.
4. Kada ka ci gaba da metformin in lambar gwajin tacewar ƙoda ta sauka ƙasa da 30.
5. Kada ka ɗauki azumi ba ka ga likita ba tun kafin wata ya tsaya.
6. Kada ka sha taba.
7. Kada ka ajiye magani don ka ji sauƙi.

Wanda ƙodarsa ta gaza, wankin ƙoda ke jiransa: sau uku a mako, kusan awa huɗu kowane zama, ga kuɗin da ke cinye gona da gida. Gwajin fitsarin nan bai kai wuni ba. Ka je ka yi shi a makon nan.