DARASI: TADA INJIN DA YA DAƊE A AJIYE

Ƴan uwa manoma, damina ta wuce, kaka ta zo. Motar ƙungiya da aka ajiye cikin rumfa tun da hanya ta ɓaci, yanzu za ta fita ɗaukar hatsi. Injin ban ruwa kuma zai koma garka, a Gulbin Maraɗi, da Korama, da Majiya. Ku sani, minti na farko bayan an tada injin da ya daɗe a kwance, shi ne mafi hatsari gare shi.

Ina baƙin mai yake zuwa?

In mota ta tsaya, baƙin mai yana gangarowa cikin taskar da ke ƙarƙashin inji, wadda makanisiye ke kira kartar. In an tada, famfon mai ne ke tsotso shi, ya tura shi ta cikin matata, wato filtir, ya kai shi ga ƙarafan da ke juyawa. Wannan ƙarfin turin shi ke shiga tsakanin ƙarfe da ƙarfe, ya hana su cin juna.

Ajiyar mako guda ba ta da laifi, don akwai sauran mai manne da ƙarafan. Amma bayan wata 3 ko 4, abin da ya rage kaɗan ne, hanyoyin mai kuma sun tsiyaye. Sai famfo ya sake cika su. Wanda ya taka totur a wannan lokaci, shi ya ja wa injinsa lahani.

Kafin ku tada

1. Ku tsai da mota wuri mai daidai. Ku zaro sandar awon mai, ku goge, ku maida, ku sake zarowa. Mai ya tsaya tsakanin zane biyu.
2. Ku dubi launinsa. In ya yi kamar shayi da madara, ruwa ya shiga. In yana warin isansi, ya tsinke. Kada ku tada, sai an yi juye, an sa sabon filtir.
3. Man da ya kai shekara cikin inji, ku canza shi ko mota ba ta yi tafiya ba.
4. Ku duba ƙasa, ko akwai ɗigo.

Lokacin tadawa

Ku murɗa makulli har fitilun gaban direba su kama, ba tare da kun tada ba. Jar fitila mai siffar buta za ta kama. In ba ta kama ba, a gyara ta tukuna, don ita ce mai gadin injinku. Sa'an nan ku tada, ƙafa nesa da totur. Fitilar ta kamata ta mutu cikin ƴan daƙiƙoƙi. In kun ƙirga daga 1 zuwa 10 tana nan kunne, ku kashe nan take, ku kira makanisiye. Haka ma in kun ji ƙwanƙwasa mai nauyi daga ƙasan inji. In ta mutu, ku bar injin ya yi minti 2 ko 3 yana juyi a hankali, kana ku fita sannu, ba da kaya mai nauyi ba.

Injin ban ruwa fa?

Yawancin ƙananan injuna masu buji guda ba su da famfon mai. Wani ɗan cokali ne a ciki ke watsa man. Abin da suke ɗauka bai kai lita guda ba, saboda haka ragi kaɗan ma ɓarna ne. Ku daidaita injin a ƙasa, ku auna mai. Ku bar makunni a kashe, ku ja igiya a hankali sau 5 ko 6, kana ku kunna. Ku yi juye duk bayan awa 100 na aiki, ko wata 6.

In za ku sake ajiyewa

Ku yi juye kafin ajiya, ba bayanta kaɗai ba. Tada mota minti 2 a kashe ba ya amfani, gumi ne yake tarawa cikin mai. In za ku tada, ku bari ta yi tafiyar minti 20 ko 30, ta yi zafi sosai.

Kuɗin lita 5 na mai bai kama ƙafar kuɗin buɗe inji ba, balle albasar da za ta bushe kuna jiran gyara. Ku karanta wa direban ƙungiyarku wannan darasi. Allah ya ba mu rani mai albarka.