DARASI: AMANAR TALLAFIN MANOMA A LOKACIN ANNOBA

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa. Bayan haka:

Ya ku samarin Musulmi, kun tuna shekarar 2020, lokacin da annobar korona ta shigo. A watan Afrilu aka rufe garin Daura, ba kasuwa, ba shiga, ba fita, ga damina ta gabato, manomi bai san inda zai samo iri da taki ba. To, gwamnatin tarayya ta yi shelar taimako. Shugaba Muhammadu Buhari ya ba da umurnin fitar da hatsi tan 70,000 daga rumbun gwamnati, aka jinkirta biyan bashin FarmerMoni wata uku, Babban Bankin Nijeriya kuma ya ware naira biliyan 50 na rance ga magidanta da masu ƙananan sana'o'i.

Amma a watan Oktoba na wannan shekara jama'a suka fasa ɗakunan ajiya a Jos da Kaduna da Legas, sai ga abincin tallafi jibge ba a raba ba. Wawaso haramun ne, babu shakka. Amma me ya jawo shi? Rashin bayani. Da an faɗi abin da ya zo da wanda aka ba, da zato bai sami ƙofa ba.

Ku sani, wannan dukiya amana ce. Allah Ya yi umurni da mayar da amana ga masu ita a Suratun Nisa'i, aya ta 58, Ya kuma yi narko a kan ha'incin dukiyar jama'a a Suratu Ali Imrana, aya ta 161. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa Annabi (SAW) ya aiki Ibnul Lutbiyya karɓo zakka. Da ya dawo ya ware wani abu ya ce kyauta aka yi masa, sai Annabi ya hau mumbari ya yi inkarin haka a gaban jama'a. Ashe lissafi a fili sunna ce, ba aƙidar Turawa ba.

Kun san labarin da ake bayarwa na rijiyar Kusugu: ruwa yana nan, amma maciji ya hana ɗiba sai ranar Juma'a. Duk wanda ya tsaya tsakanin manomi da takinsa, sai an ba shi goro, aikin macijin nan yake yi.

To, ga abin da ya hau kanku:

1. Kada ka rubuta sunanka cikin manoma alhali ba ka da ko kunya ɗaya ta gona. Haƙƙin wani ka ci.
2. In an sa ka rubuta sunaye, kada ka cusa 'yan gidanku ko 'yan jam'iyyarku.
3. Ku nemi a karanta jerin sunaye a fili gaban mai unguwa, a faɗi buhu nawa ya zo, wa ya karɓa. Da ladabi, ba da zagi ba.
4. Ku bambance kyauta da rance. Rance ba rabonka ba ne, biyansa wajibi ne, kuma ka bincika ko akwai riba a ciki kafin ka sa hannu.

Wanda ya tsere wa lissafin duniya, to na Lahira yana jiransa. Allah Ya ba mu ikon riƙon amana. Amin.