DARASI: Waɗanne kifaye ne ke zama lafiya a babban akwatin gilashi ɗaya?

Yau za mu ɗan ajiye maganar tarwada da tsadar buhun abinci, mu leƙa ɓangaren kifin ado, wato wanda ake zubawa a akwatin gilashi a falo ko ofis ko otal, abin da ake kira akwariyom. Tambayar da ta fi zuwa mini daga waɗanda suka haɗa babban akwati ita ce: "Malam, wane kifi da wane zan haɗa?" Kuma galibi ba a yin tambayar sai an riga an yi asara. Mutum ya zuba kifi 30, bayan sati uku ya ƙirga ya ga 18, babu gawa, babu alamar ciwo. Sai a fara zargin yara ko kyanwa, alhali ɓarawon yana nan cikin ruwan yana yawo da ƙaton ciki. In akwatin naka ne, kuɗinka ne suka tafi. In kuwa wani ka haɗa wa a matsayin sana'a, to har da sunanka, don ba zai sake kiranka ba, kuma ba zai tura maka kowa ba.

Bari mu tsayar da girman akwatin da muke magana a kai. A ce tsawonsa santimita 150, faɗinsa 50, tsayinsa 60. Ka ninka ukun ka raba da 1000, ya ba ka lita 450. In an zuba yashi da duwatsu, ruwan da zai rage bai fi lita 400 ba. Nauyinsa gaba ɗaya ya haura rabin tan, saboda haka teburin katako na falo ba zai ɗauka ba, a yi masa mazauni na ƙarfe. Wannan akwati a ido ƙato ne. A wurin wasu kifayen kuwa kurkuku ne.

Ku masu kiwon tarwada kun riga kun san rabin darasin nan. Me ya sa muke yin sotin? Saboda wanda ya riga 'yan uwansa girma zai haɗiye su. To dokar ba ta canzawa don kifi yana da kyan launi. Duk abin da zai shiga bakin kifi, abinci ne a wurinsa. Matsalar ita ce a shago kusan dukkansu jarirai ne, kowa bai wuce ɗan yatsa ba, sai ka ɗauka sa'o'in juna ne. Saboda haka tambayar farko da za ka yi wa mai shago ba "nawa ne?" ba ce. Ka tambaye shi: in ya gama girma, ina yake kaiwa?

Ɗauki oska misali, kifin nan na kogin Amazon mai idanu kamar yana gane mutum. Za a sayar maka da shi yana santimita 5, amma yana kaiwa 30 zuwa 35, kuma cikin shekara guda ya yi yawancin girman. Haɗa shi da gofi daidai yake da ba kura ajiyar nama. Akwai fileko, mai manne baki a gilashi, wanda ake ce wa mutane "wannan shi ke share akwati". Irin da ya fi yawa a kasuwa yana kaiwa santimita 40 har fiye, kuma kashin da zai yi ya fi dattin da zai share. In kana son mai cin gansakuka, nemi ƙaramin irinsa mai gashin baki, shi ba ya wuce 12 zuwa 15. Sai faku da fangasiyus, waɗanda in suna ƙanana gwanin sha'awa. Faku na wuce santimita 60, fangasiyus na iya kai mita guda. Waɗannan kifin kududdufi ne, koi ma haka. Ni a ganina sayar da su ga mai akwatin falo ba tare da an faɗa masa gaskiya ba, cuta ce.

Har waɗanda ake ganin salihai ne sai an lura. Anjel, mai fiffike dogo yana tafiya a natse kamar amarya, in ya girma yana kama 'yan ƙananan tetira irin niyon, masu santimita 3 zuwa 4, musamman da asuba kafin su gama wartsakewa. Ba mugunta ba ce, a kogin da suka fito ma haka yake yi.

Bayan baki sai ruwa, kuma nan ne yanayin garuruwanmu ke shigowa. Yawancin kifin ado na ƙasashe masu zafi suna son ruwa tsakanin digiri 24 da 28. Golfish ba ya cikinsu. Shi asalinsa daga Sin yake, ya fi jin daɗin 18 zuwa 23, ga ci ga yawan kashi, ga shi yana tone tsirrai. In ka haɗa shi da anjel ko gurami, dole ɗaya ya zauna a takure. A bar golfish da 'yan uwansa su kaɗai. A Kano ko Sakkwato ko Maiduguri, daga Maris zuwa Mayu ruwan akwati a ɗaki na iya kai digiri 30 har ya ɗara, kuma ruwa mai zafi ba ya riƙe iska kamar mai sanyi. Kifaye irin niyon da zebira, masu son ɗan sanyi-sanyi, su ne ke fara jigata. Anjel da gurami da moli sun fi juriya. Da hunturu kuma abin ya juya, ruwa ya yi sanyi cikin dare, sai ka ga ciwon fararen ɗigo ya ɓulla a jikinsu kamar an barbaɗa gishiri. Don haka ma'aunin zafi dole ne, hita ma dole ce a watannin Disamba da Janairu, mutanen Jos kuwa kusan kullum. Kada a ajiye akwati inda rana ke bugunsa ta taga.

Akwai kuma ɗabi'ar ruwan kansa. Kifayen tafkin Malawi, siklid ɗin nan masu launin shuɗi da rawaya da ke ɗauke ido, sun taso a ruwa mai nauyi, pH ɗinsa wajen 8. Tetira da anjel na Amazon sun taso a ruwa mara nauyi, pH 6 zuwa 7. Gofi da moli da filati sun fi son mai ɗan nauyi. Shawarata kada ka shiga wahalar sauya ruwa da sinadarai. Gwada ruwan rijiyarka ko burtsatsenka, ka ga inda ya faɗa, sannan ka zaɓi kifin da ya dace da shi. In na famfo ne, sai an kashe kilorin ɗin da ke ciki kafin ya taɓa kifi. Su 'yan Malawi kuma ko da ruwan ya yi musu, ba a haɗa su da kowa sai junansu. Faɗa gare su kamar zakaru, kowane na son dutsensa.

Wannan ya kawo mu ga hali, wanda shi ne ya fi wuyar ganewa a shago. Hausawa sun ce sai hali ya zo ɗaya ake abota. Taiga-bab ɗan ƙarami ne, ba zai iya haɗiye kowa ba, amma sana'arsa yagar fiffike. Ka sa shi da anjel ko gofi mai dogon wutsiya, cikin sati za ka ga wutsiyar kamar tsumma, daga nan ciwo ya shiga. Abin mamaki, in ka sa su 10 ko 12 sai su shagala da junansu, in ka sa 3 ne suke zama fitina. Bita, mai faɗa na ƙasar Tailan, ba a haɗa maza biyu ko da akwatin ya kai ɗaki. Kifayen da ke yawo a garke, tetira da bab da kori, kada ka saye su bibbiyu don kana son kala-kala. A ƙalla 6, in da hali 10. In sun yi kaɗan sai su ɓuya, launinsu ya dushe, su daina ci. Wannan kuskuren na "ɗauko mini biyu a nan, biyu a can" shi ne ya fi yawa, kuma akwatin ko kyau ba ya yi. Garke ɗaya na kifi 15 suna juyawa tare ya fi iri 8 da aka tsinto.

Sannan ka ɗauki akwatin kamar bene mai hawa uku. Akwai mazauna sama, akwai na tsakiya, akwai na ƙasa. Faɗan wuri yawanci a ƙasa ake yinsa, saboda nan ne ake da kogo da wurin ƙwai. In ka cika ƙasa da masu kare wuri, ko sama babu kowa, za a yi ta rikici.

Wani abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, wasu daga cikin kifayen da Turawa ke ji da su a akwatunansu daga Najeriya ake kai musu, ta Legas. Kiribensis mai jan ciki ɗan kudancin Najeriya da Kamaru ne. Kifin malam-buɗe-littafi mai shawagi a saman ruwa, da mai haɓa kamar hannun giwa wanda dangin miligi ne, da kifin igiya da ya samo sunansa na kimiyya daga Kalaba, duk akwai su a ruwayenmu. To in ni zan cika akwatin nan mai lita 450, ga yadda zan yi. Tsakiya in sa tetirar Kwango 12, suna kai santimita 8, sun fi ƙarfin bakin sauran, ga sheƙi in haske ya buge su. Sama in sa malam-buɗe-littafi 2, amma da murfi mai kyau, don tsalle yake yi sai dai ka tsince shi a kan tayil, kuma ƙwari yake so, ba ya bin abincin da ya nutse. Ƙasa in sa kiribensis mace da namiji, in kife musu 'yar tukunyar ƙasa ko ɓawon kwakwa a kusurwa ɗaya. In suka yi ƙwai za su kori duk wanda ya matso, amma a akwati mai tsawon santimita 150 kowa na da wurin gudu. Sai ƙaramin kurungun Kwango mai iyo a rigingine guda 5, da ƙaramin fileko 1. Shi ke nan. Mai hannun giwa ba na ba sabon shiga shawararsa: da dare yake fita, yana son yashi mai laushi da tsutsa, ba ya jure magani, kuma in ka sa biyu babban zai takura wa ƙaramin har ya rame.

Wanda ya fi son anjel, sai ya sa 5 ko 6 tun suna ƙanana su taso tare, da tetira masu faɗin jiki 15, da kori 10 a ƙasa kan yashi mai laushi, don tsakuwa mai kaifi na cinye musu gashin baki.

Na san wani zai ce ai lita 450 za ta ɗauki fiye da haka. Za ta ɗauka, a inda wuta ba ta ɗaukewa. Mu nan in aka ɗauke wuta filta ta tsaya, famfon iska ya tsaya, akwatin da aka cika maƙil shi ke fara mutuwa, manyan ciki kuma su ne kan gaba. Gara ka bar sarari, kuma ka tanadi ƙaramin famfon iska mai batir ko ka jona shi da sola.

Game da kifin kogi da masunta ke kamowa, a yi hattara. Kurungun kogunanmu da yawa suna wuce santimita 25, kuma da dare suke farauta, ga ƙayarsu na maƙalewa a raga. Gartsa, wanda wasu ke ce wa gwando, yana da ban sha'awa kamar kifin zamanin da, amma yana kai santimita 30 kuma duk wanda ya yi barci kusa da bakinsa ya tafi. Minjirya da talibambam kowanne shi kaɗai ake ajiye shi, ita saboda wutar jikinta, shi saboda haƙoransa. Tsage da tarwada kuwa ba sai na faɗa ba. Karfasa ma ba ta dace ba, tana haƙa rami, ta tuge tsirrai, ta hayayyafa har ta cika wurin.

Ko ka zaɓi waɗanda suka dace, yadda ka zuba su na iya ɓata komai. Sabon akwati na buƙatar sati 4 zuwa 6 kafin ƙwayoyin halittar da ke cinye amoniya su zauna a cikin filta. Kada ka zuba kifi duka rana ɗaya. Fara da garken masu sanyin hali, bayan sati biyu ka ƙara na gaba, masu kare wuri irin kiribensis ko anjel su zo a ƙarshe, don in suka riga kowa shiga sai su ɗauka gidan duka nasu ne. Duk sabon kifi, na shago ne ko na kogi, ka killace shi a wani ƙaramin mazubi sati 2 zuwa 4, kamar yadda ba ka haɗa sabbin kaji da tsofaffi ranar da ka kawo su. In za ka saka baƙo cikin tsofaffi, ka ciyar da su tukuna, ka ɗan sauya wa duwatsu wuri, ka kashe fitila. A kwanakin farko ka riƙa leƙawa da tocila bayan an kashe wuta da dare, saboda yawancin ta'asar a lokacin ake yin ta. Wanda ka gani ya maƙale a kusurwar sama kusa da filta, fiffike a yage, ba ya fitowa cin abinci, to korarsa ake yi. Cire shi ko ka cire mai korar a ranar, kada ka jira su saba.

A darasi na gaba za mu yi maganar filta da canjin ruwa, da yadda ake wanke soson filta ba tare da an kashe ƙwayoyin da ke cikinsa ba.