Ina Hoton Direba Yake Zuwa Bayan An Ɗauke Shi?

Ina so in yi ɗan bayani a kan lasin tuƙi, musamman hoton da ake ɗauka da bayanan da ake rubutawa kafin a ba mutum shi. Tambayar ita ce, shin idan an ɗauki hoton direba a Birnin Kebbi, a nan yake tsayawa, ko kuwa ofisoshin wasu jihohi ma suna ganinsa? Wani zai ce me ya haɗa ɗan makaranta da wannan magana. To, shekarata goma sha shida, doka kuwa ta ce sai mutum ya kai 18 zai nemi lasin. Ke nan saura shekara biyu ni da yawancin 'yan ajinmu mu shiga layi.

A da, kowace jiha ita ke ba da nata lasin, ɗan littafi ne da ake manna hoto a ciki, bayanan kuma suna cikin fayil a ofishin da ya bayar. A lokacin Jihar Kebbi ma ba ta zo ba, muna cikin Jihar Sakkwato har ranar 27 ga Agusta, 1991. Saboda haka direban da aka ƙwace wa lasin don ganganci yana iya tsallakawa wata jiha ya karɓi sabo, ba wanda ya san abin da ya aikata.

A shekarar 1988 Gwamnatin Janar Babangida ta kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, watau FRSC, Farfesa Wole Soyinka ne shugabanta na farko. Bayan kafa ta aka mai da lasin iri ɗaya a ƙasa duka, a 2011 kuma aka fito da sabon lasin mai ɗauke da zanen yatsu. Aikin kuwa hannu uku ne ke yinsa. Ma'aikatan duba motoci na jiha, waɗanda aka fi sani da VIO, su ke jarraba mutum su ga ko ya iya tuƙi. Hukumar tara kuɗin shiga ta jiha ita ke karɓar kuɗi. Sa'an nan FRSC ta ɗauki hoto da zanen yatsu da sa hannu, ta buga katin. Kafin ya fito akan ba mutum na wucin gadi mai aikin kwana 60.

Abin lura a nan shi ne, hoton ba ya zama a Birnin Kebbi kaɗai. Yana tafiya rumbun kwamfuta guda na ƙasa. Don haka direban Argungu da aikinsa ya koma Fatakwal yana iya sabunta lasinsa can, kuma baƙon da ya zo kallon su a Matan Fada daga Ikko, in an tare shi a hanya ana iya bincika lambar lasinsa a ga ko na gaskiya ne. Kawuna, wanda ke jigilar fasinja tsakanin Argungu da Birnin Kebbi, ya taɓa ba wani ɗan kamasho kuɗi ya kawo masa lasin ba tare da ya taka ofis ba. Kati ya yi kyau, har da ƙyalli! Ranar da aka duba lambar, babu ita a kwamfuta. Ya yi asarar kuɗi, ya kuma yi mako biyu mota na ajiye.

Bugu da ƙari, tun ƙarshen 2020 ba a yin lasin sai da lambar ɗan ƙasa mai alƙaluma 11, watau NIN, wadda hukumar NIMC ke bayarwa. Ita ce dai lambar da aka haɗa da layin waya, ita ce kuma muke rajistar JAMB da ita tun 2021. Nan ne maganar ta shafe mu ƙwarai. Wanda aka rubuta masa Muhammadu a wuri ɗaya, Mamman a wani, ko aka rage masa shekaru don shiga makaranta, zai tarar da saɓanin yana jiransa ranar neman lasin, gyara kuwa sai da kuɗi da zirga-zirga. Ina roƙon iyayenmu su duba takardunmu tun yanzu, suna da ranar haihuwa su zama ɗaya a ko'ina.

A ganina haɗa bayanan yana da amfani, domin rayukan fasinja ne a hannun direba. Amma fa akwai abin tsoro. A Amurka, inda har yau kowace jiha ke ba da nata lasin, an kashe wata 'yar wasan kwaikwayo mai suna Rebecca Schaeffer a 1989, bayan an samo adireshin gidanta daga ofishin lasin na Jihar Kalifoniya. Dalilin haka a 1994 suka yi dokar da ta taƙaita fitar da bayanan direbobi. Mu ma nan ba mu tsira ba. A 2024 ƙungiyar Paradigm Initiative ta bayyana cewa ta sayi takardar NIN ta Ministan Sadarwa, Dakta Bosun Tijani, a wani shafin intanet a kan naira 100 kacal. In na minista ya fita a wannan farashi, ina ga na mai kabukabu a tashar Argungu?

Akwai doka dai. A watan Yuni na 2023 aka sa hannu a kan Dokar Kare Bayanan Jama'a, wadda ta ba kowa ikon tambayar abin da aka ajiye game da shi, ya kuma nemi a gyara kuskure. Sai dai ta bar ƙofa ga jami'an tsaro idan suna binciken laifi. Abin da ke hannunmu shi ne kada mu ba kowa aron lambarmu ya yi rajistar layi ko babur, ko da abokin kwanan ɗaki ne, domin in aka yi ɓarna da su, hoton mai lambar ne zai fito. Haka kuma in mun je shagon kwamfuta a gari ranar fita, mu karɓe takardunmu duka, har da waɗanda injin ya ɓata.