In Ɗanki Ya Yi Shiru

'Yata, zauna mu yi magana a tsanake. Yaranki sun tasa. Namijin muryarsa ta buɗe, macen ta fara jin nauyin fita ba mayafi. A waɗannan shekarun kowane yaro yakan sauya, yau fara'a, gobe ɗaure fuska. Wannan ba komai, mu ma mun yi. Abin da nake so ki sa wa ido daban ne. Likitoci suna ce masa ciwon damuwa. Yana kama babba, yana kama yaro, kuma yana da magani.

Na san abin da mutanenmu kan ce. Me yaro ya sani da zai damu, ba ya ciyar da kowa, ba a bin sa bashi? To, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cikin yara 7 masu shekara 10 zuwa 19, ɗaya yana fama da wata larurar ƙwaƙwalwa, kuma ciwon damuwa yana cikin na gaba. Ba 'ya'yan Turawa kaɗai ake nufi ba. Har da namu na Dawakin Tofa, da na Kwa, da na Tumfafi. Bayan balaga ma ya fi kama 'yan mata. Wani rasuwa ce ke tayar masa da shi, wani rabuwar iyaye, wani faɗuwa jarrabawar JAMB, wata kuma mijin da aka zaɓa mata. Wani ko babu dalilin da za ki nuna.

Labarin zuciya a tambayi fuska. Yaron da ba ya iya zama in ana ƙwallo a fili, yanzu abokai su yi sallama ya ce a ce ba ya nan. Yarinyar da ke cika tsakar gida da hira ta koma ɗaki ta kwanta. Tuwo ya kwana a kwano. Barci ya ƙi zuwa, ko ya yi yawa har hantsi. Malamin Islamiyya ya aiko cewa hadda ta zube. Kwana ɗaya ko biyu ba abin tsoro ba ne. In abin ya kai mako 2, kusan kullum, to ki tsaya ki duba.

Wanda ya fi ruɗa iyaye shi ne fushi. Babba in ciwon ya kama shi, baƙin ciki ake gani. Yaro kuwa sau da yawa tsawa ce da ƙunci, abu kaɗan ya hau ƙannensa da faɗa. Sai a ce ya fara rashin kunya, ko lalaci ne ya hana shi zuwa gona, a ɗauko bulala. Ba mugunta ce ta sa iyaye haka ba, rashin sani ne. Amma ki duba ƙarshensa. Yaro ya ga ba mai fahimtarsa a gida, sai ya nemi abin da zai sa ya manta. An hana maganin tari mai kodin tun 2018, amma ƙwayoyi ba su ƙare a gari ba. Daga nan ciwo ɗaya ya zama biyu.

Wani kuma jiki ne ke magana. Ciwon kai, ciwon ciki, kasala. A je kemis, a sha na zazzaɓi, a sha na taifot, kuɗi ya ƙare, yaro yana nan yadda yake.

Yanzu tambaya. Na san akwai kunya, musamman in ɗan fari ne, wanda ko sunansa ba kya kira. Kunya ado ce, ban ce ki yar ba. Amma in bakinki ya yi nauyi, ga goggonsa, ga kawunsa, ga kakarsa da suke wasa. Kada a tambaye shi gaban ƙanne. A bari sai hannu na aiki, ana ɓarar gyaɗa ko ana hanyar gona. A ce, "Na ga kwana biyu ba ka jin daɗi, me ke damun ka?" Sai a yi shiru a saurara. Kada a ce masa rashin godiyar Allah ne, ko imaninsa ne ya yi rauni. Ya riga ya gama zargin kansa. In bai amsa yau ba, a sake gobe.

In kin ji ya ce gara ya mutu, ko ya zame muku kaya, kada ki ɗauka zancen yara ne. Ki tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin cutar da kansa. Tambayar ba ta sa masa tunanin, sauƙi ma take ba shi. Mu manoma ne, maganin feshi da na ƙwarin hatsi ba ya rabuwa da gidajenmu. A kulle shi, mabuɗi a hannun maigida. Kada a bar yaron shi kaɗai, a kai shi asibiti a ranar.

Allah Ya sa asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau a cikin ƙaramar hukumarmu yake. Wasu daga nesa suke biyan mota su zo, mu kuwa sunan muke gudu saboda an mai da shi abin tsokana. Ciwon damuwa ba hauka ba ne, 'yata. Ki fara da asibitin da ke kusa, su duba ko ƙarancin jini ne ko wani abu, su tura ki gaba. Akwai kuma sashen ƙwaƙwalwa a Asibitin Malam Aminu Kano. Addu'a kam kada ki daina, a haɗa ta da likita. Ɗauri da duka ne ba na so ki yarda da su. Kin ji yadda aka samu yara cikin mari a Rigasa ta Kaduna a 2019, iyayensu kuwa gyara suka je nema.

In macen ce, na san kina tunanin wa zai aure ta in an ji. Ba sai an yi shela ba, likita yana riƙe sirri. Yarinyar da aka kai ɗakin miji da ciwonta a ɓoye ita ce abin tausayi, ga hidima, ga ciki, ga ba wanda ya san halin da take ciki.

Wani yaron zama da hira da ma'aikacin lafiya ya ishe shi. Wani sai an haɗa da magani, shi kuma yakan ɗauki makonni kafin a ga aikinsa. Kada a daina don an ga sauƙi, sai likita ya ce. Ki riƙe ranar komawa. In maigidan ya ƙi yarda, kada ki yi musu da shi, ki gaya min, ni zan zo in same shi.