Kwaɗon ɗanyen shu

Idan ɗari ya shigo, ku dubi kasuwannin Agye da Gazawa da Gidan Rumji. Shu ne tuli tuli, wanda a Najeriya ake ce wa kabeji. Ga karoti, ga albasa, ga tumatir. Masu garka a fadamar Gazawa da bakin Gulbin Maradi su ke kawo su. Noman rani ya ƙara ƙarfi a ƙasarmu tun bayan farin 1984.

To, amma yaya muke cin shu? Mu dafa shi har ya yi laushi, mu zubar da ruwan, sannan mu kwaɗa da ƙuli-ƙuli. Akwai daɗi kam. Sai dai wuta tana rage bitamin C, wani kuma ya bi ruwan da aka zubar. Shi ya sa yake da kyau wani lokaci a ci shi ɗanye.

Ga yadda ake yi. Ku nemi shu ɗaya mai nauyi, da karoti 3, da albasa 1, da lemun tsami 2. Idan mangwaro ya fara shigowa a farkon bazara, ku ƙara guda ɗaya, wanda ya nuna amma bai yi ruwa ba. Karoti da nunannen mangwaro suna ba jiki bitamin A, mai kare yara daga dundumi.

A nan ne babbar magana take: wanki. Abin da bai ga wuta ba yana iya ɗauko zawo da tsutsar ciki daga taki ko ruwan ban garka. Ku fara wanke hannu da sabulu. Ku ɓare ganyen baya ku ba awaki. Ku wanke sauran da ruwan da kuke sha, ba ruwan tabki ba, har sau biyu ko uku. Ku kankare karoti, ku fere mangwaro. Wuƙar da ta yanka ɗanyen nama, kada ta taɓa shu sai an wanke ta. Na sha jin mata suna cewa lemun tsami yana kashe kowace cuta. A'a, tsami ba ya maye gurbin wanki.

Sai ku yanka shu siriri siriri, ku barbaɗa gishiri kaɗan, ku murza da hannu ya yi laushi. Ku zuba karoti da albasa, da garin ƙuli-ƙuli, da yaji, da man gyaɗa cokali 2. Kada ku yi rowar man, domin da mai ne jiki yake ɗaukar bitamin A. Ku matse lemu. Mangwaro shi ne na ƙarshe, don kada ya dame.

Ku rufe kwanon saboda ƙudaje, ku ci nan take. Wannan kwaɗo ba ya kwana.