Darasi Na Goma Sha Huɗu: Tarbiyyar Ɗan Maharbi a Ƙasar Jos

Karanta wannan bayani a tsanake, sa'annan ka amsa tambayoyin da ke biye.

Jos, babban birnin Jihar Filato, yana bisa tudu mai tsayin kimanin mita 1,200 daga gaɓar teku. Duwatsu sun kewaye shi, cikinsu har da na Shere da ke gabashin gari, waɗanda suka haura mita 1,800. Tun kafin Turawa su fara haƙar kuza a farkon ƙarni na 20, Birom da Afizere da Anaguta suna zaune a wannan wuri, suna noman acca a damina, da rani kuma su fita farauta. Birom sun yi suna wajen farauta da mashi bisa ƙananan dawakai. Hausawan da kuza da fatauci suka kawo su Jos kuwa sun fito ne daga ƙasar da ta san maharba tun tale-tale, inda ake naɗa shugabansu Sarkin Baka.

Harbi sana'ar gado ce. Ba a makaranta ake koyon sa ba, a gida ake tashi da shi. Kayan aikin maharbi su ne baka da kibiya da kwari. Ana yin baka da itace mai ƙwari wanda yake lanƙwasuwa bai karye ba, a ɗaura masa tsirkiya ta murɗaɗɗiyar fata. Maƙeri ne yake ƙera bakin kibiya, maharbi ya ƙwafa shi a jikin kyauro. A da, akan shafa wa kibiya dafin da aka dafa daga 'ya'yan kwankwani, shi ya sa ake rataye kwari can sama, inda hannun yara ba ya kaiwa.

Hausawa na cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Saboda haka tun yaro yana ƙarami uba yake yi masa 'yar baka ta wasa da kibau marasa ƙarfe. Sai a kafa masa kabewa ko guntun kara a bayan gida ya riƙa gwada saiti. Doka ta farko da zai ji daga bakin uba ita ce kada ya kuskura ya auna mutum ko dabbar gida, ko da wasa.

In ya ɗan tasa, sai ya fara bin uba da yayyensa daji, amma aikinsa ɗaukar gora da guzurin da uwa ta haɗa. A nan ne babban karatu yake. Za a nuna masa bambancin sawun gada da na mazo, da yadda ake gane sabon kashi daga na jiya. Zai ga uba ya ɗebi ƙura ya sake ta don ya san inda iska ta nufa, domin dabba takan ji warin mutum kafin ta gan shi. Zai koyi sanɗa da rarrafe da dogon shiru. Wasu maharban ƙasar Hausa har kan burtu suke ɗaurawa a goshi, su yi ta sunkuyo kamar tsuntsun yana kiwo, har su kusanci nama. Kibiya ba ta cin dogon zango kamar harsashi, don haka dole maharbi ya matso kusa ƙwarai.

Akwai ranar da yaro ba ya mantawa. Bayan doguwar sanɗa, ga gada tsaye a fili, uba ya ɗana kibiya, sai kuma ya sassauta tsirkiya.

"Baba, me ya hana ka harbi?" in ji yaron cikin raɗa.

"Dubi cikinta, ɗana. In na harbe ta yau, na kashe biyu. Me za ka tarar a dajin nan in ka girma?"

Irin wannan haƙuri shi ne ƙashin bayan sana'ar. Maharbin kirki yakan ƙyale dabba mai ciki da mai shayarwa. Ba ya sakin kibiya sai ya tabbatar da abin da ke gabansa, don sau da yawa motsin ciyawa na ɗan'uwansa ne. In ya raunata dabba, sai ya bi jininta har ya same ta. In an dawo gida kuma, a fitar da rabon dattawa da maƙwabta, mata su banda sauran. Yaron da ya ga haka shekara da shekaru, barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Sai dai dajin yau ba na jiya ba ne. Gari ya faɗaɗa, gonaki da ramukan kuza sun cinye wurin kiwon namun daji, ga ƙunar daji, ga bindiga wadda ba ta bukatar sanɗa. Gadar dutse, wadda a da take tsalle a tsaunukan Filato, ta zama abar nema ido rufe. Don kare abin da ya rage, a 1972, zamanin Gwamna Joseph Gomwalk, aka kafa gandun namun daji na Jos da kuma na Pandam. A 1985 Gwamnatin Tarayya ta yi dokar kare dabbobin da ke fuskantar ƙarewa. A dajin Amurum da ke kusa da Laminga kuma akwai cibiyar binciken tsuntsaye mai alaƙa da Jami'ar Jos. Ko a Amurka, inda iyalai suke fita harbin barewar ƙasarsu da baka, hukuma ce take ba da lasisi, ta ƙayyade lokaci da adadin da mutum zai harba.

Ilimin maharbi bai zama tsohon yayi ba. Wanda ya iya karanta sawu zai iya zama mai gadin gandu, ko jagoran masu bincike da masu yawon buɗe ido. Wanda ya iya saiti kuma yana iya shiga wasan harbin kibiya, wanda ake fafatawa a kansa har a gasar Olamfik. Abin da uba ya fi son ɗansa ya gada shi ne sanin lokacin da ya kamata a mayar da kibiya cikin kwari.

Ma'anar Kalmomi

tsirkiya: igiyar baka
kwari: gidan kibau
kyauro: siririn karan da ake yin jikin kibiya da shi
sanɗa: tafiya a hankali ba tare da ƙara ba
banda: busar da nama a kan wuta
burtu: babban baƙin tsuntsu mai kiwo a ƙasa

Tambayoyi

1. Waɗanne ƙabilu ne suke zaune a ƙasar Jos tun kafin Turawa su fara haƙar kuza?
2. Me ya sa ake rataye kwari a sama?
3. Don me maharbi yake sakin ƙura a iska?
4. Kawo dalilai uku na raguwar namun daji a Filato.
5. Bayyana ma'anar karin maganar nan: barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Aiki

a. Rubuta jam'in waɗannan kalmomi: maharbi, kibiya, doki, dutse, tsuntsu.
b. Tambayi wani dattijo sunayen namun daji biyar da harshenku, ka nemo takwarorinsu na Hausa, ka karanta wa 'yan aji.